Jan Layi a Kan Taswira: Littafin Julien Gracq da Rigimar Awzu

A shekarar 1951 ne gidan ɗab'i na José Corti ya fitar da ƙagaggen labarin *Le Rivage des Syrtes*, wato Gaɓar Tekun Sirt, na Julien Gracq. Sunan marubucin na yanka Louis Poirier, malamin tarihi da labarin ƙasa ne a wani lise na birnin Paris, ya rayu daga 1910 zuwa 2007. A ƙarshen shekarar da littafin ya fito aka ba shi kyautar Goncourt, wadda ta fi kowace kyautar adabi daraja a Faransa, sai ya ce ba ya so. Wannan ƙin karɓa da kuma ƙayatar faransancinsa su ne abubuwan da aka fi tunawa da littafin saboda su, har wasu malamai kan ɗauko shi domin ciro misalan dogayen jimloli da siffantawa kawai. Amma jigonsa tambaya ce ta siyasa: yaya ƙasa take zama kusa da maƙwabciyar da take tsoro? Mai karatu na yankin Sahel yana da ma'aunin da zai gwada amsar marubucin da shi, domin ƙasar Chadi ta yi fiye da shekara 20 tana fama da wannan tambaya a gaban Libiya ta Kanar Gaddafi, kuma tartsatsin wutar ya faɗo har cikin Nijar.

Labarin a taƙaice

Ƙasashen littafin biyu duk ƙagaggu ne. Orsenna tsohuwar daula ce ta manyan gidaje, mai arziki da tsofaffin dokoki, wadda ta gaji da kanta. A ƙetaren teku kuma akwai Farghestan. Shekara 300 ke nan ƙasashen biyu suna cikin halin yaƙi a hukumance, amma an daina faɗa tun da daɗewa, ba tare da an yi sulhu ba. Ba jakada, ba fatauci, ba wasiƙa. Kowa ya tsaya a gefensa na teku.

Aldo, wanda shi ne mai ba da labarin, saurayi ne ɗan babban gida da zaman birni ya gundura. Ya nemi a tura shi lardin Sirt da ke can kudu, aka naɗa shi mai sa ido na gwamnati a wani tsohon sansanin sojan ruwa. Shugaban sansanin, Kyaftin Marino, dattijo ne da ya mai da aikinsa hana komai faruwa: yakan ba da hayar sojojinsa ga masu manyan gonaki su yi noma da kiwo, jirgin yaƙinsa kuma ba ya wuce sintirin bakin gaɓa. A ɗakin taswirori na sansanin Aldo ya tarar da wani jan layi da aka ja a tsakiyar teku, iyakar da ba a yarda jirgin Orsenna ya tsallake ba. Daga ranar hankalinsa bai sake kwanciya ba. Wata budurwa, Vanessa Aldobrandi, wadda wani kakanta ya taɓa juya wa Orsenna baya ya koma wa Farghestan, ta kai shi tsibirin Vezzano ta nuna masa ƙololuwar Tängri, dutse mai aman wuta na ƙasar abokan gaba. Wata rana da Marino ya yi tafiya, Aldo ya ɗauki jirgin ya tsallake layin, ya doshi birnin Rhages har aka harbo musu igwa, sannan ya juyo. Littafin ya ƙare kafin a gwabza, amma mai ba da labarin ya bari an fahimci cewa Orsenna ba ta tsira ba.

Abin da marubucin ya hango daidai

Gwanintar Gracq ta farko ita ce nuna cewa yaƙi yakan fara a bakin mutane tun kafin ya kai ga bindiga. A garin Maremma, wanda ke ruɓewa cikin fadamun bakin teku, jita-jita ta cika kasuwa da gidajen manya: an ce wani abu ya canza a Farghestan, an ce an ga jirgi, an ce lokaci ya yi. Ba wanda ya san mafarin zancen, har ɗan leƙen asirin gwamnati, Belsenza, ya rasa bakin zaren. Mai wa'azi a cocin garin ya hau mumbari daren Kirsimeti yana yaba wa masu jiran abin da zai zo daga teku. Wani tsohon manomi, Carlo, ya ƙi sabunta kwangilar hayar sojoji ba tare da ya iya faɗin ƙwaƙƙwaran dalili ba. Jama'a sun gaji da zaman da ba ya motsi, sai tsoro ya zame musu abin marmari. Dogayen jimlolin marubucin, waɗanda kan ja mai karatu layi bayan layi kafin su sauke shi, suna yin aikin wannan jira ne: mai karatu ma yakan wayi gari yana ƙosawa a tsallake layin.

Gwaninta ta biyu tana babin ƙarshe. An kira Aldo babban birni, yana zaton hukunci zai sha. Sai ya tarar da Danielo, tsohon da ke riƙe da ragamar mulki a bayan fage, wanda ya bayyana masa cewa shi ma abin da yake so ke nan, kuma shi ya bar ƙofa a buɗe. Ashe saurayin da yake ganin kansa mai tawaye ɗan aike ne. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A littafin nan masu gidan ne suka tsaga bangon da hannunsu. Gracq ya san abin da yake faɗa. Ya ga shekarun 1930, lokacin da Faransa take kallon Jamus ta Hitila tana ɗaura ɗamara, ya yi soja a 1940, aka kama shi fursunan yaƙi, aka sako shi a 1941.

Awzu: jan layi na gaske

Sunan Sirt ba ƙage ba ne. Tun zamanin Girkawa da Rumawa haka ake kiran manyan lungunan teku biyu na gaɓar Libiya da Tunisiya, kuma a kusa da garin Sirt aka haifi Mu'ammar Gaddafi, a can kuma aka kashe shi a 2011. Gracq ya ari sunan ne kawai, ba Libiya yake nufi ba, amma tarihi ya kawo wata rigima da ta dace a ajiye ta gefen littafin.

Zirin Awzu yanki ne na hamada a arewacin Chadi, faɗinsa kimanin kilomita 100, girmansa wajen murabba'in kilomita 114,000. Tushen rigimar takarda ce. A Janairun 1935 Pierre Laval na Faransa da Musolini na Italiya suka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta miƙa yankin ga Italiya, wadda ke mulkin Libiya a lokacin. Ba a taɓa musanyar takardun tabbatar da ita ba, kuma a 1938 Italiya da kanta ta yi watsi da ita. A 1973 sojojin Libiya suka shiga Awzu, lokacin da gwamnatin Tombalbaye take fama da tawaye a arewa. A Disamban 1980 tankokin Libiya suka kai har Injamena domin taimaka wa Gukuni Wadai a kan Hisen Habre, kuma ranar 6 ga Janairun 1981 aka ba da sanarwar shirin haɗe ƙasashen biyu.

Wannan sanarwa ta girgiza Yamai. Libiya ta riga ta yi da'awar wani yanki na arewacin Nijar wajen rijiyar Tummo, kuma a 1980 Gaddafi ya yi jawabi a Ubari yana kiran Abzinawa su zo Libiya a matsayin ƙasarsu ta asali. A cikin watan Janairun 1981 gwamnatin Saini Kunce ta dakatar da hulɗar jakadanci da Libiya, ba a maido da ita ba sai a 1982. Sojan da aka tura Madama, tsohon sansanin da Faransawa suka gina a farkon shekarun 1930 domin sa ido kan Italiyawan Libiya, ba ya bukatar a fassara masa zaman Aldo: ganuwa, rairayi, da kallon arewa.

Jan layin ma ya bayyana da sunansa. Bayan Habre ya karɓi Injamena a 1982, Libiya ta sake dannowa a 1983, Faransa ta kawo sojojinta ƙarƙashin shirin Manta, ta ja layi a kan digiri na 15, daga baya ta matsar da shi zuwa na 16 a farkon 1984. Jaridun lokacin jan layi suke kiransa. Chadi ta rabu biyu, kowane ɓangare yana kallon ɗaya. A 1987 sojojin Chadi, bisa motocin Toyota masu ɗauke da makaman fasa tanka, ƙarƙashin jagorancin Hasan Jamus, suka kai farmaki arewa: suka ci Fada a farkon Janairu, suka ci babban sansanin Wadi Dum a Maris, inda aka kama Kanar Halifa Haftar, suka karɓi Awzu a Agusta, Libiya ta ƙwace shi kafin watan ya ƙare. A farkon Satumba suka kai hari Ma'atan as-Sarra, cikin ƙasar Libiya kanta. Ranar 11 ga watan aka tsagaita wuta da sa bakin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka.

A nan ma hangen Gracq game da cikin gida ya tabbata. Rabuwar kan shugabannin Chadi ce ta buɗe wa Libiya hanya, kusan kowane ɓangare ya taɓa neman makamai ko mafaka a wurin wata ƙasar waje. Kuma barazanar maƙwabci, ko da yake gaskiya ce, ta zama mayafi ga zalunci: hukumar tsaron Habre, DDS, ta riƙa kama mutane da zargin haɗa baki da Libiya. Kwamitin binciken da Chadi ta kafa ya ƙiyasta a 1992 cewa mutum 40,000 ne suka mutu a zamanin mulkinsa, kuma a 2016 wata kotu ta musamman a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai.

Inda littafin ya gaza

Duk da haka, in aka ajiye littafin kusa da wannan tarihi, giɓinsa yakan fito fili ta fuska uku.

Ta farko, Farghestan ba ta da fuska. Dutse ne a nesa, fitilu ne a cikin dare, sai wani manzo guda da ya zo wa Aldo a ɓoye. Mai karatu bai san wa ke mulkinta ba, me take ci, me take tsoro. Marubucin da gangan ya yi haka, domin maƙwabcin ya zama madubin da Orsenna ke kallon mutuwarta a ciki. A fagen adabi dabarar ta yi aiki, amma tana koya wa mai karatu ɗabi'a mai haɗari, wato ɗaukar maƙwabci a matsayin aljani. Libiya ta Gaddafi kuwa tana da fuska, kuma ana iya lissafa abin da take nema: kuɗin man fetur da ke neman inda za su yi tasiri, burin shugabanci a Sahara, tsohuwar taswirar Italiyawa, tunawa da zawiyoyin Sanusiyya da suka taɓa yaɗuwa a Borku da Tibesti, da kuma zancen yuraniyom da ake kyautata zaton yana ƙarƙashin yankin. Abin da ake iya lissafawa ana iya jayayya da shi a gaban alƙali. Wani abu kuma, a littafin Orsenna ce ta tsokano tsuliyar dodo, har mai karatu zai iya fita da ra'ayin cewa duk wanda aka mamaye shi ya jawo wa kansa. Chadi ba ta tsallaka layin kowa ba a 1973. Shigo mata aka yi.

Ta biyu, talakawa ba su da murya. Masunta da makiyayan Sirt suna nan a matsayin ado, ko taron da jita-jita ke kaɗawa. Masu magana duk ƴaƴan manyan gidaje ne, kuma halakar ƙasa a wurinsu magani ce ta gundura. A Awzu kuwa akwai Tubawa, waɗanda danginsu da rijiyoyinsu da dabinonsu suke warwatse tsakanin Chadi da Libiya da Nijar, kuma nakiyoyin da aka binne a lokacin yaƙin sun ci gaba da kashe mutane da raƙuma shekaru bayan an daina harbi. Akwai kuma mutum 170 na jirgin UTA da ya taso daga Barazabil ya biya ta Injamena, ya tarwatse a sararin Tenere ranar 19 ga Satumban 1989; a 1999 kotun Paris ta sami ƴan Libiya shida da laifin, a bayan idonsu. Karin magana ya ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A rigimar ƙasashe ba haka abin yake ba, ruwan yakan sauka ne a kan wanda bai san an yi kira ba. Littafin ya rufe kafin ruwan ya sauko, don haka mai karatu ya sha daɗin hadari bai ga ɓarnar ambaliya ba.

Ta uku ita ce mafi girma. Gracq ya ba wa Orsenna zaɓi biyu kacal: barcin Marino ko tsallakawar Aldo. Duk ƙawar harshen tana gefen Aldo. Marino mutumin kirki ne, ana tausaya masa, amma an zana shi a matsayin mai gadin maƙabarta, kuma ƙarshensa ɓacewa ne cikin ruwan fadama. Mai karatu da ya natsu zai lura cewa Marino ma bai kawo zaman lafiya ba, shiru kawai ya tsare. Shekara 300 ba wanda ya aika jakada, ba wanda ya zauna ya rubuta inda ƙasa ta tsaya. Jan layin ɗakin taswira umarni ne na cikin gida, ɗaya ɓangaren bai sa masa hannu ba. Ko da manzon Farghestan ya zo yana tambayar ma'anar abin da ya faru, yana barin ƙofar a ce kuskure ne, ba a kama wannan igiya ba. Littafin ya ɗauki yaƙin a matsayin ƙaddara, alhali abin da ya nuna da kansa sakaci ne na mutane.

Hanyar da ba ta cikin littafin

Rigimar Awzu ta ƙare ta hanyar da Orsenna ba ta gwada ba. Ranar 31 ga Agustan 1989 ƙasashen biyu suka amince a birnin Aljiyas cewa in sulhun siyasa ya gagara cikin shekara guda, za a kai maganar Kotun Duniya da ke Hag. Haka aka yi a 1990. Ranar 3 ga Fabrairun 1994 kotun ta yanke hukunci da ƙuri'a 16 a kan 1 cewa Awzu na Chadi ne. Hujjarta ita ce yarjejeniyar abota da kyakkyawar maƙwabtaka da Faransa da Libiya mai ƴancin kai suka sa wa hannu ranar 10 ga Agustan 1955, wadda ta lissafa tsofaffin takardun da suka shata iyakokin Libiya da ƙasashen da Faransa ke mulka, kuma ta 1935 ba ta cikin jerin. Ranar 4 ga Afrilun 1994 aka sa hannu kan tsarin janyewa, a garin Sirt. Zuwa ƙarshen Mayu sojojin Libiya sun fice, a gaban masu sa ido na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Ba daidai ba ne a ce takarda kaɗai ta yi wannan aiki. Da Libiya ba ta sha kashi a Wadi Dum ba, da wuya ta yarda ta je gaban alƙali, kuma takunkumin da aka ɗora mata daga 1992 kan batun jirgin Lokabi ya sa tana neman abokai a Afirka. Amma nasarar 1987 ma ba ta maido da Awzu ba, an karɓe shi an sake rasa shi cikin wata guda. Ƙarfi ya kai maƙwabcin teburin shari'a, shari'a ta ba shi hanyar fita ba tare da ya durƙusa wa abokin gabansa ba. Iyakar da aka tabbatar ta Turawan mulkin mallaka ce, ta raba dangi, kuma wannan abin takaici ne. Shugabannin Afirka sun san haka lokacin da suka amince a Alƙahira a 1964 cewa za a mutunta iyakokin da aka gada, domin sun ga cewa sake zana su da bindiga ya fi muni. Nijar ta bi wannan hanya sau biyu: da Benin kan tsibirin Lete, wanda kotun ta ba Nijar a 2005, da kuma Burkina Faso, inda aka yanke hukunci a 2013.

Ga malamai

Wannan tarke ba ya rage wa *Le Rivage des Syrtes* matsayinsa. Littattafai kaɗan ne suka kama yadda al'umma kan kamu da son abin da zai hallaka ta kamar yadda ya yi, kuma a lokacin da jita-jitar yaƙi take yawo a wayar salula fiye da yadda ta yi a kasuwar Maremma, babin wa'azin Kirsimeti da babin Danielo sun cancanci a karanta su a aji da kuma zaurukan ƙungiyoyin al'adu. Sai dai bai kamata a bar ɗalibi shi kaɗai da daɗin harshen ba. Malamin faransanci yana iya haɗa kai da na tarihi, a shimfiɗa taswirar Sahara kusa da littafin, a nemi ɗalibai su nuna Awzu da Tummo da Madama, su ja layin digiri na 16, sannan a tambaye su abin da marubucin bai tambaya ba: wa ke zaune a kan layin, wa ya sa hannu a kansa, kuma wace wasiƙa ce Orsenna ta kasa rubutawa cikin shekara 300? Malamin Hausa kuma yana iya ba su aikin rubuta wannan wasiƙar, daga fadar Orsenna zuwa fadar Rhages, da irin ladabi da kaifin da sarakunan ƙasar Hausa kan rubuta wa maƙwabtan da ba su yarda da su ba.